Randar da ba ta sanyaya ruwa

Duk wanda ya saba cin kasuwa a Maraɗi ko Ƙonni ko Magarya ya taɓa riƙe takardar naira 20, domin a bakin iyaka naira da sefa aljihu ɗaya suke kwana. A bayan takardar nan, tun shekarar 2007, akwai hoton wata mace tana aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Ba ta gaji sarauta ba, ba ta shiga lakwal ba. Maginiyar tukwane ce. Abin da ya kai ta wannan matsayi shi ne wasu randuna da ta gina, waɗanda yau suke ajiye a gidajen tarihi na Landan da wasu biranen Turai da Amurka. Kyawunsu ba mai musu a kansa. Sai dai suna da wani aibi wanda kowace uwargida za ta gano tun ranar farko: ruwan da aka zuba musu da hantsi, yadda aka zuba shi haka za a tarar da shi da la'asar, in ma bai ƙara ɗumi ba. Ba sa sanyaya ruwa.

Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ke nan, ya mai karatu. Idan aka ɗauki abu aka ƙara masa kyau da ƙarko da daraja, amma a cikin haka ya bar aikin da aka yi shi dominsa, ɗaukaka shi aka yi ko kashe shi? In kuwa akwai laifi a ciki, a wuyan wa yake?

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, mutanen da mu Hausawa muke kira Gwari. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana yarinya ta koye ta a hannun wata ƴar'uwar iyayenta. Babu inji, babu faifai mai juyawa. Curin yumɓu ake ajiyewa a buɗe cikinsa da hannu, a riƙa jan bango sama ana ƙara naɗin yumɓu mai kamar igiya, maginiya tana zagaya tukunyar tana daidaita ta. Ita ke juyawa, tukunya na zaune. In ta sha iska sai a yi mata zane, a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da ƙirare da ciyawa, a cinna wuta. Kafin wani Bature ya san da ita, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riga ya ga aikinta, ya tara wasu daga cikin tukwanenta a gidansa. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Baturen shi ne Michael Cardew, mutumin Ingila, haifaffen 1901, wanda ya koyi sana'ar a hannun Bernard Leach, ya kuma yi shekaru a Gana tun daga 1942 yana fama da yumɓu da tanderu. Gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane, ya zagaya ƙasar, daga bisani ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950. Tsohuwar Abuja nake nufi, wadda yau ake kira Suleja. A gidan sarki ya ga tukwanen Ladi, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikin maginan wurin. Ta koyi aiki da faifai mai juyawa, ta yi kwanoni da kofuna da farantai, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada. Abu biyu suka sauya: irin yumɓun, da irin wutar. Daga nan ne shafen ƙyalli ya shigo.

Shafen nan da ke sa tangaran walƙiya, wanda Faransawa ke kira émail, gilashi ne siriri da aka narkar a jikin yumɓu. Abu uku ake haɗawa. Na farko silika, wato sinadarin da ke cikin farin yashi da dutsen ƙanƙara. Shi ne ainihin gilashin, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1700, abin da tanderun magini ba ya kaiwa. Saboda haka ake neman abin da zai lallashe shi ya narke da wuri, kamar toka, ko garin wani dutse da ake kira felsfa. Na uku ɗan yumɓu ne, wanda ke riƙe shafen kada ya tsiyaye ƙasa in ya narke. Mutanen Sin ne suka fara lura da sirrin toka fiye da shekaru 3000 da suka wuce, da suka ga tokar da iska ke kwasowa daga bakin wuta tana sauka a kafaɗar tukunya ta zama ƙyalli.

A faɗe abin da sauƙi. A aikace kuwa, toka ba ɗaya ba ce. Kowane icce da abin da saiwarsa ta tsotso daga ƙasa, saboda haka tokar wannan icce daban, ta wancan daban, kai ko icce iri ɗaya ne, na fadama da na tudu ba su ba da sakamako guda. Tokar ƙaiƙayin shinkafa kusan dukkanta silika ce, tana da taurin kai a wuta, tana ba da launi fari-fari kamar madara. Tokar itace ta fi saurin narkewa, har takan zubo ta bar sawu kamar na hawaye. Sau da yawa magini yakan jiƙa tokarsa ya tace ya zubar da ruwan, don yana cin hannu. Wato abin da uwargida ke nema in za ta yi ruwan toka ko sabulun salo, shi ne shi yake wankewa ya yar. Sannan ga ƙarfe, wannan tsatsar da ke sa ƙasarmu ja. Kashi 1 ko 2 cikin 100 na tsatsa a cikin shafe, in aka toshe wa wuta iska ta yi hayaƙi, sai ya fito kore-kore kamar ruwan gulbi bayan damina. Shafen nan dai, in aka sakar wa wuta iska, sai ya koma ruwan ƙasa. In aka kai tsatsar kashi 8 ko 10, sai baƙi mai sheƙi. Sinadari ɗaya ne, numfashin wuta ne ya bambanta.

Don haka aikin mai gwajin shafe aikin haƙuri ne. Yakan auna garin dutse da toka da yumɓu a ma'auni, ya dama, ya shafa a ƴan guntayen yumɓu, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta a littafi. Sai ya jira ranar gashi. Tanderun itace da ake so ya kai wajen digiri 1250 yana cin yini da dare ana ciyar da shi, sa'an nan a bar shi kwanaki ya huce, don in an yi gaggawar buɗewa kayan su tsage. Ranar buɗewa sai ya tarar gauraye ɗaya ya ba da launi biyu, saboda guntu ɗaya yana kusa da bakin wuta, ɗayan yana lungu. Ya sake awo, ya sake jira. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi; to ga mutanen da toka ke kuɗi a wurinsu da gaske. Abin yabo ga Cardew shi ne ya nace a kan kayan ƙasar da yake zaune: yumɓu na kusa, toka ta itacen wurin, farar ƙasa da wasu duwatsu daga wuraren haƙar kuza na tsaunukan Jos. Littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, a kan haka ya tsaya: yadda magini zai fitar da tangaran daga duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Da wannan shafe aka lulluɓe randunan Ladi. Takan yi zanenta da tsinin wuƙa a jikin ɗanyen yumɓu, a cike layukan da farar ƙasa, a zuba shafe mai barin ido ya ratsa, a kai tanderu. Sai ƙadangare da hawainiya da kunama da kada da kifi da tsuntsu su fito fari a kan duhu, kamar ana hango su ta ƙarƙashin ruwa. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila ta gina randa a gaban jama'a, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Yanzu mu koma ga ruwa. Me ya sa randar gargajiya ke sanyaya shi? Domin wutar fili ba ta da zafin tanderu. Takan tsaya tsakanin digiri 600 da 900, inda yumɓu ke yin tauri ba tare da ya narke ya haɗe ba. Jikin randar yakan kasance cike da ƴan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na kwashe shi, kuma kowane giram na ruwa da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin kalori 580 daga abin da ya rage a ciki. Shi ya sa randa ta fi aiki da bazara da lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushe, ta yi kasala da damina. Randa gumi take yi kamar mutum. Sanyin da muke sha ladan ruwan da ta yi asara ne. Wutar digiri 1250 tana toshe ƙofofin nan tun daga cikin yumɓu, shafe kuma ya rufe sauran daga waje. Randar ba ta ƙara asarar ko ɗigo, ba ta kuma ƙara ba da sanyi. Ga nauyi, ga tsadar da matar ƙauye ba ta iya biya.

A nan ne masu tuhuma ke tsayawa. Suna cewa: ga mulkin mallaka a cikin tukunya guda. Bature ya zo ya tarar da abu mai rai, yana aiki a tsakar gida, ya shafe shi da gilashi ya mai da shi gawa mai kyau don ɗakunan baƙin Turawa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin cibiyar gwamnatin mallaka ce ta kafa ta, kuma galibin masu sayen kayanta Turawa ne da manyan ma'aikata, ba talakawan da ke ɗebo ruwa a rafi ba. Amma ni a ganina tuhumar ta yi gaggawa, ta kuma tsallake abubuwa da dama.

Cardew bai jahilci darajar tukunyar gargajiya ba. Ya san tukunyar da aka gasa a fili tana jure harshen wuta a kan murhu, alhali tangaran fashewa yake yi. Ya san maginan ƙasar suna da nasu shafen, ruwan makuba na kwasfar ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tun tana da zafi. Ra'ayinsa shi ne a bar wannan sana'a yadda take, a ƙirƙiro wata a gefenta don sabbin bukatu, kamar kofin shayi da farantin tebur. Ana iya cewa lissafinsa na kasuwa bai fita ba. Ba a iya cewa raini ne ya kawo shi.

Abu mafi nauyi kuma shi ne, tuhumar tana mai da Ladi kamar yumɓun da ake murzawa, ba mai murzawa ba. Mace ce da ta kusa shekara 30 sa'ad da ta shiga cibiyar, gwana wadda sarki ya riga ya san da ita. Wa zai ce ba ta san randa mai shafe ba ta sanyaya ruwa ba? Ta fi mu sani, ita da ta tashi tana sha daga randa. Ta ga abin da shafen ke ɗaukewa, ta ga abin da yake bayarwa, ta ci gaba da aiki a wurin shekaru masu yawa bayan Cardew ya koma gida a 1965. Abin da yake bayarwa kuwa ba ƙarami ba ne. Randar ƙauye shekaru kaɗan take yi ta fashe, a wurare da yawa ma a daka tsingaronta a zuba cikin sabon yumɓu don ya yi ƙarfi. Zanen da maginiya ta ɓata yini tana yi ya tafi ke nan, sunanta kuwa dama ba a rubuta shi ba. Mata nawa ne suka yi gwanintar Ladi a ƙasar Gbagyi kafin ita, waɗanda ko sunan ɗaya ba mu riƙe ba? Wanda ke zaune a inuwa yana so maginiya ta dawwama cikin rashin suna don al'ada ta tsira da tsarkinta, to da kuɗin wani yake sadaka.

Sai batun sarki da na ce a riƙe. Tukwanen da Sulaimanu Barau ya tara ba su da shafe, gashin fili ne, kuma don kyawunsu ya tara su. Ashe tun kafin tanderu, tun kafin Landan, akwai idon da ya ga cewa wannan randa ta wuce a bar ta a gindin bango. Fitar da abu daga aiki saboda kyawunsa ba Turawa suka kawo mana shi ba. Dubi jeren kwanoni da tasoshin da ake yi wa amarya a ɗakinta, waɗanda ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Mu ma mun san abin da ake ajiyewa don ido.

Duk da haka ba zan ce ba a rasa komai ba. Mutanen nan biyu kowannensu daga daji ya ɗebo, amma ɗibar ta bambanta. Cardew ya ɗebo jiki: toka, dutse, tsatsa. Ladi ta ɗebo siffa. Kuma dabbobin da ta zana ba daga nesa ta kirawo su ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga randa daga mazauninta ya san abin da ke taruwa a damshin gindinta: ƙadangare na zuwa lasar ruwa, kunama na neman sanyi. A tsakar gida, ƙadangaren zane da na gaske suna iya haɗuwa a jikin randa ɗaya, kuma yaron da ya zo da moɗa ya san su duka biyun. A bayan gilashin gidan tarihi kuwa ƙadangaren ya zama alamar wani wuri mai nisa da ake kira Afirka. Layin bai sauya ba, hannun da ya ja shi bai sauya ba, amma maƙwabtansa sun tafi. Wannan asara ce ta gaske, ko da yake ba irin wadda ake kai ƙara a kanta ba ce.

In akwai laifi, ni a wurinmu nake ganinsa, mu masu sha. Randa mai shafe ba ta hana a gina marar shafe ba. Har gobe ana gina ta a Mirya kusa da Damagaram, ana gina ta a Bubon a bakin kogin Kwara, ana gina ta a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa. Abin tambaya shi ne me ya sa girmamawarmu ba ta sauka sai a kan wadda ta bar aiki. Maginiyar da randarta ke shayar da gida guda shekara da shekaru, mukan tsaya muna ja-in-ja da ita a kan dala biyar, mu ɗauki kayan mu tafi ba mu tambayi sunanta ba. Ranar da ɗanmu ya samu albashi, abin da ya fara yi shi ne ya sayo bokitin roba da firiji, a tura randa bayan ɗaki, sai ranar da aka ɗauke wuta a tuna da ita. Kalmar Bagwariya ma, mu faɗi gaskiya, ba da yabo muka saba furta ta ba, ga shi kuwa Bagwariya ce a kan kuɗin da muke karɓa da hannu biyu. Mun koyi ganin kyau a wurin da aka nuna mana da yatsa daga waje, kyawun da ke aiki a gabanmu kullum kuwa sabo ya rufe mana ido a kansa.

Har amfanin ma sai da aka nuna mana. A shekarun 1990 wani malami a jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wata dabara: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai da gauta da kan lalace cikin kwanaki kaɗan sai su yi makonni. Ba wani sirri a ciki sai gumin nan na yumɓu marar shafe, wato daidai abin da tanderun Abuja ya toshe. A shekarar 2000 kamfanin Rolex na Suwizalan ya ba shi lambar yabo, daga nan ne da yawa daga cikinmu suka ji labarinsa. An karrama Ladi saboda randar da ta daina gumi, an karrama Bah Abba saboda tukunyar da ke gumi, kuma sau biyun daga ƙetare aka fara tafi kafin mu ɗauka.

Ƙungiyoyinmu na al'adu sukan shirya baje kolin sana'o'in hannu, kuma a nan ma halin yakan fito. Akan jera randuna wayam a kan tebur, alƙalai su zagaya da takarda suna duba fenti da zane, a ba wadda ta fi ado lamba. Maginan sun gane abin da ake so, shi ya sa wasu suka koma shafa fentin kanti mai mai, wanda ke toshe jikin randar kamar yadda shafen tanderu ke yi, ba tare da ƙarkonsa ko zurfin launinsa ba. Alhali matar da ta zo saye a kasuwa tana da ma'aunin da ya fi namu: takan ƙwanƙwasa randar da bayan yatsa ta saurari amonta, ta san mai tsaga da marar tsaga, ta shafa cikinta, ta duba kaurin bakinta. Ba abin da zai hana a ajiye rukuni biyu a irin wannan gasa. Na ado a duba shi da ido, a kuma yi masa hukunci da ma'aunin ado ba tare da jin kunya ba. Na ruwa kuwa a cika randunan tun da asuba daga rijiya ɗaya, a jera su a inuwa ɗaya, da la'asar alƙalai su zo da moɗa da ma'aunin zafi irin wanda ke cikin ɗakin kimiyya na kowace lise. Ɗalibai su riƙe littafi su rubuta digirin kowace randa, da garin da aka ɗebo yumɓunta, da abin da aka gasa ta da shi, da sunan wadda ta gina ta.